Wa Zai Ce Wa Yaranmu Ƙurunƙus?

Zancen da na kawo mana yau shi ne na wasannin ban tsoro da yaranmu suke kallo a telebijin da cikin wayar hannu, watau labaran aljanu da fatalwa da mayu da macizai masu rikiɗa, irin waɗanda kowane kashi yake zuwa da nasa labari da nasa mutane. Abin da ya sa na ɗauko zancen kuwa wani al'amari ne da ya auku a ajina nan Achilafiya.

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, mai ƙoƙari ƙwarai, ba ta wuce ta uku a jarrabawa. Sai na lura ta fara gyangyaɗi tun ba a fita tara ba. Ran nan iska ta bugo tagar aji da ƙarfi, sai yarinyar nan ta kurma ihu ta faɗi, nan take wasu biyu suka bi ta. Kafin azahar labari ya gama gari wai aljanu sun shiga makaranta. Da na je gidansu da la'asar na tarar uban ya rantse ta bar boko ke nan, uwar tana kuka, har an fara kiran sunan wata tsohuwa maƙwabciyarsu, wai ita ta kama kurwar yarinyar. Na ja ta ɗaki na lallashe ta. Ashe ta fi mako biyu ba ta sami barcin kirki ba. Yayanta ne ya kai wayarsa wurin masu tura fina-finai ran kasuwa, aka cika masa ita da wasan Indiya mai fassarar Hausa, na wata mace mai zama macijiya, da waɗansu na fatalwa. In gida ya yi tsit sai su ƙule cikin bargo suna kallo. Ita tsohuwar kuwa laifinta ɗaya ne, ta yi kama da wata mayya ta cikin wasan.

To, kafin mu ɗora wa akwati laifi, ya kamata mu tuna cewa labarin ban tsoro ba baƙo ba ne a gidan Bahaushe. Wace ce cikinmu ba ta maƙale a jikin kakarta ba sa'ad da Dodo ya fito daga ruwa yana neman budurwar da aka yi masa alkawari? Wace ce ba ta ji labarin yarinyar nan da ta ƙi duk samarin gari sai marar tabo, ta ƙare da auren abin da ba mutum ba? Tun tsakanin 1911 da 1913 wani Bature, Frank Edgar, ya buga littattafai uku na tatsuniyoyin Hausa, daga baya kuma marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara waɗansu a cikin Tatsuniyoyi da Wasanni, wanda aka daɗe ana karantawa a makarantu. Duk wadda ta duba su za ta ga dodanni da mayu sun cika su. Yaro yana son abin da zai sa gabansa ya faɗi, muddin ya san ba abin da zai same shi. Da haka yake koyon riƙe zuciyarsa.

Amma tatsuniya tana da shinge. Na farko, mai ba da ita sananniya ce, kaka ko goggo, tana kuma kallon fuskokin yara. In ta ga auta ya fara rawar leɓe sai ta rage wa Dodo haƙora, ta sako Gizo da tsamin bakinsa a yi dariya. Na biyu, tana da lokaci, bayan cin tuwon dare, har ana tsoratad da mu cewa mai yin ta da rana zai ɓata. Na uku, cikin taro ake yin ta, kafaɗa da kafaɗa. Na huɗu, kuma shi ne babba, tana da ƙofar shiga da ta fita. Da an ce "ga ta nan, ga ta nanku", kowa ya san an shiga duniyar ƙarya. Da an ce "ƙurunƙus" kuwa an rufe ƙofa, Dodo ya zauna can, yara su tafi su kwanta.

Abin mamaki, Turawan da suka fara shirya wa yara irin waɗannan wasanni sun gane amfanin wannan shinge. A ƙasar Kanada an yi wani mai suna Are You Afraid of the Dark, watau ko kana tsoron duhu, wanda aka fara nunawa a 1990, tashar yara ta Nickelodeon ta Amurka kuma ta ɗauke shi daga 1992. Yadda aka tsara shi, waɗansu samari da 'yan mata ne suke haɗuwa da dare a daji, su kewaye wuta, ɗayansu ya watsa wani gari cikin wutar ya faɗi sunan labarinsa, sa'an nan a nuna labarin. In ya ƙare sai a komo wurinsu, a kwara ruwa a kashe wutar, kowa ya kama hanyar gida. Kun ga ai "ga ta nan" da "ƙurunƙus" ke nan aka sa musu rigar Turawa. Haka kuma Goosebumps, watau tashin tsikar jiki, da aka nuna daga 1995 zuwa 1998, an ɗauko shi ne daga littattafan R. L. Stine, wanda ya sha bayyana cewa da gangan yake nisanta labaransa da masifun gaske, domin yaro ya san abin nan ba zai faru ba. Ba su kuma mutu ba, an sake ta da na farkon a 2019, na biyun a 2023.

Mu ma a nan ƙasar an yi wannan hikima. Telebijin ya iso Ibadan a 1959, Kaduna a 1962. A 1984 gidan NTA ya fara Tales by Moonlight, tatsuniyar farin wata, inda mace take zama yara sun kewaye ta, ta ba da labari, a ƙarshe ta tambaye su darasin da suka koya. A Kaduna kuma aka mai da Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam wasan telebijin, marigayi Ƙasimu Yero yana cikin 'yan wasan. Shi ma littafin ai haka yake, labari bayan labari daga bakin aku, kullum kuma a komo fada a huta. A zamanin nan akwati ɗaya ne a unguwa, manya da yara tare ake kallo, tasha kuma tana da lokacin rufewa.

Yanzu fa? Akwatin ya ƙanƙance ya shiga aljihu. Ko ƙauyen da ba lantarki akwai mai cajin waya da hasken rana, akwai mai tura fina-finai da 'yan kuɗi kaɗan. Mafi yawan abin da ake turawa ba don yara aka yi shi ba. Wasan macijiyar nan na Indiya, Naagin, da aka fara a 2015, na manya ne, cike da kisa da ramuwar gayya. Ga kuma guntayen hotuna na TikTok da YouTube da ba su da farko ba su da ƙarshe, waɗansu ma ana cewa wai ga aljani an ɗauka ido da ido. Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, amma wace hukuma ce za ta leƙa cikin bargon yarinya da ƙarfe goma sha biyun dare? Ba mai ba da labari, ba lokaci, ba taro, ba ƙurunƙus. Dodo ya fito, ba wanda ya mai da shi.

Akwai kuma wani bambanci da ya kamata mu duba da idon basira. Ɗan Bature in ya kashe akwati, iyayensa za su ce masa babu fatalwa, shi ke nan. Mu kuwa ba ma cewa babu aljanu, domin akwai sura guda da sunansu a cikin Alƙur'ani mai girma. Yarinyarmu ta tashi tana jin kada a zuba ruwan zafi ba bisimilla, kada a zauna bakin ƙofa da almuru, kada a ratsa gindin tsamiya da tsakar rana. Saboda haka in ta ga aljana a waya, tana magana da Hausa tsantsa, ba ta da abin da za ta raba gaskiyar addini da ƙaryar mai wasa. Abin da yake wasa ne a Kanada, a nan yana iya fid da yarinya daga makaranta, ko ya ja wa tsohuwa jifa.

Iyayenmu za su tuna abin da ya faru a ƙarshen 1995 da cikin 1996, lokacin da muke Jigawa ba mu daɗe da rabuwa da Kano ba. Ɗaruruwan 'yan matan sakandare a Kano suka riƙa faɗuwa, waɗansu suna rawa irin ta fina-finan Indiya, aka ce wata aljana ce mai suna Sumbuƙa. Ba cewa nake yi fim ne ya kawo abin ba, wannan ilmin Allah ne. Amma rawar Indiyar nan ta nuna mana abin da ido ya saba gani yakan zauna a zuciya, ya fito ranar firgita, tsoro kuma yana yaɗuwa a aji kamar wutar kara. A wannan shekara ta 1996 ne kuma sanƙarau ya kashe dubban mutane a Arewa. Darasin shi ne, ba duk faɗuwar yaro ba ce iska, wata ciwo ce mai son asibiti da gaggawa.

Masana ma sun bincika. Wata malamar jami'a a Amurka, Joanne Cantor, ta daɗe tana nazarin tsoron yara. Ta gano ƙananan yara mummunar kama ce take firgita su, musamman mutum ya rikiɗa ya zama wani abu, kuma ce musu "ƙarya ce" ba ya isa, sai an rungume su. Waɗanda suka tasa kuwa sun fi tsoron abin da suka ga zai iya faruwa, su bayani ne maganinsu. A wani bincike da ita da abokiyar aikinta suka buga a 1999, wajen tara cikin goma na ɗaliban jami'ar da suka tambaya sun ce wani abin kallo ya taɓa firgita su ƙwarai, kimanin ɗaya cikin huɗu na waɗannan kuma har lokacin abin bai sake su ba.

To, mene ne abin yi? Ni dai ban ga hani kawai zai yi ba, don abin da aka hana a tsakar gida za a kalla a zaure. Shawarata ita ce mu mai da shingen nan huɗu. Uwa ta fara ganin abin da aka turo kafin yara su gani. A yi kallo tare a tsakar gida, ba bayan lisha ba, waya kuma ta kwana a ɗakin uwa, in ta maigida ce a roƙe shi da lalama. Yaron da bai kai shekara bakwai ko takwas ba a nisanta shi da irin wannan sam. In an gama, ke ce za ki ce ƙurunƙus. Ki nuna musu wannan macijiyar mace ce kamar ke, sana'arta ke nan, jinin nan rini ne, rikiɗar kuma aikin kwamfuta ne. Sa'an nan ki sa su karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi su shafa, don su kwanta da sanin cewa Mai tsaronsu Ya fi abin da suke tsoro. In yaro ya fara firgita cikin barci, ko fitsarin kwance bayan ya daina, ko ƙin fita ban ɗaki da dare, tambaye shi me ya kalla kafin a kira sunan kowa.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, musamman na kwana, ku ji tausayin ƙananan da ke ɗakinku. Labarin da ya ba ki dariya yana iya hana 'yar aji ɗaya barci wata guda. In kuwa ke ce abin ya dama, babu kunya, ki gaya wa mahaifiyarki ko malamarki.

Ina kuma kira ga gidajen telebijin masu magana da Hausa, irin su Arewa24 da ARTV ta Kano da tashoshinmu na Dutse, su shirya wa yaranmu nasu. Muna da Dodo, muna da Ruwan Bagaja, muna da Ta-kitse. A samo tsohuwa mai daɗin baki a zaunad da ita gaban yara, ta buɗe ta kuma rufe.

Yarinyar nan dai, alhamdu lillahi, da taimakon hedimasta da liman uban ya sauko, ta komo aji. Uwarta ta kai wa tsohuwar nan ƙwaryar fura ta ba ta haƙuri. Ran Alhamis da ta wuce na ba 'yan aji tatsuniyar Dodo da Auta, da na zo ƙarshe na yi shiru da gangan, sai na ji muryarta daga baya ta ce, "Malama, ba ki ce ƙurunƙus ba."

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya tsare su daga sharrin abin da suke gani da wanda ba sa gani, amin. Sai wani makon in Allah Ya kai mu.

Taku, Malama daga Achilafiya.