Sabuwar mota a Ƙonni: Wane bakin mai ya kamata a zuba mata?

Matashin da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya ko Abijan yakan shekara da shekaru yana tara kuɗi don ya sayi mota ya aiko gida, ko ta haya tsakanin Birnin Ƙonni da Tawa, ko ta hawan iyali. Motar takan iso ta tashar ruwan Lome ko ta Najeriya, a yi murna, a yi addu'a. Bayan wata biyu ko uku lokacin juye ya yi, wanda wasu ke kira vidanji, sai ƙanen da aka bar wa makulli ya tsaya gareji a tambaye shi: sintetik za a zuba ko wanda aka saba? Sau da yawa farashi ne ke ba da amsa. Wannan kuskure ne, kuma daga nan lalacewar injina da dama ke farawa.

Bakin man da aka saba da shi, wanda ake rubuta wa mineral a jikin galan, daga ɗanyen mai ake tace shi kai tsaye, ƙwayoyinsa ba girmansu ɗaya ba. Shi kuwa sintetik ana ƙara sarrafa shi har ƙwayoyinsa su daidaita, shi ya sa ya fi jure zafi, ba ya saurin ƙonewa ya zama dagwalo cikin inji, kuma yana gudu da sauri da sanyin safiya. Ba sabon abu ba ne, tun 1974 kamfanin Mobil ya fito da Mobil 1. Abin da ya sauya shi ne injina.

Tsohuwar Peugeot 504 da Toyota Starlet an ƙera su da sarari tsakanin ƙarafunan injin, mai kauri irin 20W-50 yana yi musu daidai. Injinan yanzu matsattsu ne. Tsarin VVT-i da ke cikin Corolla da RAV4 da matsin bakin mai yake aiki, ta wasu 'yan ƙananan hanyoyi masu saurin toshewa. Motar da ke da turbo kuwa zafin da man ke sha ya wuce na tsofaffin injina nesa ba kusa ba. Dalili ke nan Toyota ke rubuta 5W-30 ko 0W-20 a kan murfin da yawa daga injinanta, har da 0W-16 a Camry ta 2018. Mai mai lamba 0W-20 kusan duka sintetik ne, don haka mai irin wannan mota kamfani ya riga ya yi masa zaɓi.

Hujjar da aka fi ji a gareji ita ce zafin ƙasa. Ana cewa mai marar kauri na ƙasashen ƙanƙara ne, a nan inda zafin watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 sai mai kauri. Maganar tana da kama da gaskiya, amma lambobin jikin galan ba haka suke nufi ba. Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudu idan inji na da sanyi. Ta biyu tana nuna kaurinsa a digiri 100, wato wajen zafin da inji ke aiki a kai, a Ƙonni yake ko a Faransa. Wasu littattafan mota suna ba da damar ƙara kauri kaɗan a ƙasa mai zafi, kamar daga 5W-30 zuwa 5W-40. Wannan daban ne da ɗura 20W-50 cikin injin da aka yi don 0W-20, inda man zai yi jinkirin kaiwa saman inji duk safiya, mota ta ƙara shan fetur.

Sai dai masu ɗokin sintetik su ma suna da nasu kuskuren. Dillali zai ce man yana kai kilomita dubu 15 ba a canza ba. A Amurka Toyota ta yarda a yi juye bayan kimanin kilomita dubu 16 idan da sintetik ake aiki, amma ita da kanta ta rage shi zuwa kilomita dubu 8 ga motar da ke bin hanya mai ƙura, ko mai ɗaukar kaya masu nauyi, ko mai daɗewa a kunne tana tsaye. Waɗannan sharuɗɗa kamar da yankin nan aka rubuta su. Akwai ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, akwai hanyoyin laterit na ƙauyukan Illela da Badagishiri, akwai bin bayan manyan motocin siminti na Malbaza da na albasar Galmi a kan babbar hanya ta 1, ga jiran layi a kan iyaka da inji a kunne saboda na'urar sanyaya mota. Ƙura ba ta san tsadar mai ba. Idan matatar iska ta toshe ko ta yage, yashi zai shiga ya gauraya da man, ya riƙa cin ƙarfe komai kyawun abin da aka zuba.

Babbar barazana ma ba ta tsakanin sintetik da mineral ba ce, tana tsakanin mai na gaskiya da jabu. Ƙonni gari ne na kan iyaka, tsakaninsa da Illela ta jihar Sakkwato 'yan kilomitoci ne, kaya na shigowa ta hanya da bayan hanya. Hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, SON, ta sha kama bakin mai marar inganci a kasuwannin ƙasar, kuma babu dalilin zaton irinsa yana tsayawa a kan iyaka. Ana tara galan-galan na manyan kamfanoni da aka gama da su, a sake cika su da man da ba a san asalinsa ba, wani lokaci tsohon mai ne aka tace. Wanda ya biya kuɗin sintetik aka ba shi irin wannan ya yi asara biyu. Man mineral na gaskiya da ake canzawa a kan lokaci ya fi jabun sintetik sau dubu. Shi kuwa man da ake aunawa da kwalba a bakin titi, babu lamba babu suna, bai kamata ya kusanci sabuwar mota ba.

Saboda haka matsayar a fili take. Sabuwar mota, ko wadda aka kawo daga Turai injinta na da sauran ƙarfi, a ba ta sintetik mai lambar da ke kan murfin inji ko cikin littafinta. A duba alamar API: SN ta 2010 ko SP ta 2020 su ne na injinan fetur na zamani, SL kuwa ta 2001 ce. A sayi galan a rufe daga gidan mai ko dillalin da aka sani, mai mota ya tsaya a buɗe shi a gabansa, a canza matatar mai tare da man, sannan a huda galan ɗin kafin a yar. Tsohuwar Hiace da ta riga ta fara shan mai tana hayaƙi, ita ba sintetik ne maganinta ba, a bar ta da mineral mai kauri na gaskiya. Masu kabu-kabu kuma su nemi mai mai alamar JASO MA, domin man mota na zamani yana iya sa kulocin babur ya riƙa zamewa.

Batun kuɗi gaskiya ne, kuma ba a raina shi ba. Tun da Najeriya ta cire tallafin fetur a Mayun 2023, arahar man da garuruwan kan iyaka suka saba da ita ta kau, kowane direba yana neman inda zai rage kashewa. Amma injin Corolla kimanin lita 4 yake ci, sau biyu ko uku a shekara ga mai hawan gida. Bambancin kuɗin bai kama ƙafar sauke inji ba, balle sayen wani. Araha ba ta ado.

Akwai aiki a wuyan hukumomin kasuwanci da na kwastan na jihar Tawa, su riƙa duba bakin man da ke shigowa kamar yadda ake sa ido kan fetur, ƙungiyoyin bakanikai kuma su koya wa yaran gareji karanta lambar galan kafin su koyi kwance inji. Shi kuma ɗan ci-ranin da ya aiko da mota, ya haɗa da hoton shafin littafin da ke nuna lambar man, ya ware kuɗin juye na shekara, ya ce a riƙa turo masa hoton galan da na lambar kilomita duk ranar da aka shiga gareji.