Kafin Ka Ce Ɗanka Daƙiƙi Ne

Duk shekara idan sakamakon WAEC da NECO ya fito, hukunci iri ɗaya ake yankewa a gidajenmu, daga Kutama zuwa Gwarzo har Kabo. Yaro ya dawo daga kafe ba kiredit a Turanci ko Lissafi, ko ma ya tarar an riƙe sakamakon baki ɗaya. Kafin ya buɗe baki an gama shari'a: ba ya ja, ya koma gona ko ya tafi ci-rani. In mace ce, a fara zancen kayan ɗaki. A rufe da cewa haka Allah ya ƙaddara.

Mun yi imani da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta hana bin ba'asi. Wannan takarda mutane ne suka yi mata maki, kuma suna kuskure. A watan Agustan 2025 WAEC ta sanar cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne kawai suka sami kiredit biyar haɗe da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta dawo ta nemi afuwa, ta ce an tafka kuskure wajen makin wata takardar Turanci, adadin ya koma kashi 62.96. Dubban ɗaruruwan yaran da aka ce sun faɗi, ashe sun ci. A watan Mayun shekarar, shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida, ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da Kudu maso Gabas. Me ya jawo wannan amsa laifi? Iyaye da ɗalibai ne suka ƙi yin shiru. Mu kuwa da tuni mun ce yaro ya haƙura.

Wanda ya fi ciwo shi ne sakamakon da aka riƙe. A zamanin gwamnatin Ganduje, NECO ta riƙe sakamakon ɗaliban makarantun gwamnatin Kano saboda bashin kuɗin jarrabawa da take bin jihar. Waɗannan yara sun tsallake jarrabawar tantancewa, an yi musu alkawarin biya, sun zauna sun rubuta. Gwamnati ta ci bashi, ɗan talaka ya biya da shekararsa. Domin makin JAMB na shekara ɗaya ne tak, kuma Jami'ar Bayero ba za ta ajiye gurbi tana jiran wanda bai kawo sakamakon sakandare ba. Mai hali ya biya wa ɗansa wata jarrabawar. Manomin da ya sayar da buhun masara ya yanki fom fa?

Wasu za su ce ai yaran ma ba sa karatu, waya ta ɗauke musu hankali. Akwai irinsu, ba musu. Amma a fara ƙirga malaman Lissafi da Turanci da ke makarantun ƙauyukanmu tukun. Ba a hana kaza tsaba sannan a ce ta ƙi ƙwai.

Wasu kuma mafitarsu ita ce cibiyoyin satar amsa, inda ake biya a rubuta wa yaro a allo. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago: satar amsa na cikin manyan dalilan da ke sa a riƙe sakamako ko a soke shi.

Hanyoyin halak suna nan. Makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, don haka wanda darasi ɗaya ya kayar ba sai ya koma farko ba. Akwai jarrabawar ƙarshen shekara ta masu zaman kansu a WAEC da NECO. Wanda aka riƙe nasa, uba ya taka ƙafa zuwa wurin shugaban makaranta, ya nemi dalili, a rubuta ƙorafi zuwa ofishin hukumar da ke Kano.

Shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo da 'yan majalisarmu, masu ɗaukar hoto ranar rabon fom ɗin JAMB, muna son ganinku ranar da sakamako ya maƙale. Ku tattara sunayen yaran, ku bi musu kadi. Kai kuma uba, kafin ka kira ɗanka daƙiƙi, ka tambaya: wa ya yi makin, kuma wa ya ƙi biyan kuɗin?