Injiniyoyin gobe: a koya musu lissafin da ɗan kasuwa ya sani

Jama'a ƴan kasuwa na Ɗan Isa da Jibiya, Ƙonni da Illela, Magarya da Maigatari, yau maganar makaranta na kawo muku, kuma kada wani ya ce wannan zancen malaman boko ne, babu ruwansa. Ai injin ban ruwa da injin niƙa da janareta da babur ɗin da ke yawo a ƙasar nan, ta hannunku suke shigowa, idan kuma suka mutu ku ake zagi.

Ana ta kira a jami'o'in duniya cewa a sanya batun ɗorewa cikin karatun ƴan digirin farko na fannin ƙere-ƙeren injina. Kalmar na da nauyi a baki, amma ma'anarta ba baƙuwa ba ce a kasuwa. Kafin a ƙera inji sai a tambaya: mai nawa zai sha a shekara? Idan ya lalace, akwai kayan gyaransa a Maraɗi ko sai an aika Kano? In ya mutu ɗungurungum, ina za a kai gawarsa? Ɗalibi yakan fito ya iya lissafin ƙarfin ƙarfe da juyawar inji, alhali waɗannan tambayoyi ba a taɓa yi masa su a jarrabawa ba.

Mun ga abin da ya faru a 2023. A watan Mayu Najeriya ta cire tallafin man fetur, sai man bakin hanya da masu lambu suka dogara da shi ya yi tashin gwauron zabo. A watan Agusta kuma aka yanke wutar da ke zuwa mana daga can saboda takunkumin CEDEAO, ba a ɗage shi ba sai a Fabrairun 2024. A wannan tsakanin mai sayar da ƙanƙara da mai walda da mai albasar Galmi duk sun gane cewa kuɗin sayen inji kaɗan ne cikin abin da inji ke ci. Araha ba ta ado.

Abin takaicin shi ne ba mu ne ya kamata a zo a koya wa wannan darasi ba. Marigayi Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci hukumar makamashin rana ta ONERSOL tun 1969, inda aka riƙa ƙera na'urorin dafa ruwa da murhun girki masu aiki da rana, tun duniya ba ta fara wannan hayaniya ba. A Jigawa kuma Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani: ruwan na tashi, yana tafiya da zafi, tumatir da gauta su ƙara kwanaki babu wuta babu mai. Har kyautar Rolex ya samu a kanta. Wannan fa kimiyyar zafi ce tsantsa, irin wadda ake koyarwa a aji. Me zai hana a ba ɗalibi aikin gano dalilin da ya sa take aiki da bazara, ta yi sanyin jiki da damina?

Ni a ganina kuskure ne a ware darasi guda a shekarar ƙarshe a raɗa masa sunan muhalli, yara su haddace, su ci jarrabawa, su manta. Malamin da ke koyar da ƙarafa shi zai yi maganar tsatsa da sake narkarwa. Mai koyar da zanen inji ya rage wa ɗalibi maki idan ya zana abin da bakanike ba zai iya kwancewa da sifana biyu ba. Sannan kowane ɗalibi ya yi ko da wata guda a gareji, ko wajen masu narka sanholama a kasuwar Katako, ya ga inda baƙin mai ke malala da yadda yara ke fasa tsohon batir da hannu, ga dalma guba ce.

Hasken rana ma da ake ta yabo yana buƙatar wannan ido. Ƙurar hunturu na rage ƙarfin faranti, zafinmu kuma na rage wa batir kwana. Wanda bai lissafa wannan ba, ya sayar wa talaka bashi ne kawai.

Na san abin da malamai za su ce: manhaja ta cika, ɗakunan gwaji babu kayan aiki. Gaskiyarsu. To amma mataccen injin ban ruwa ba ya wuyar samu, yana nan jibge bayan shagunanku. Ƙungiyar ƴan kasuwa za ta iya tara guda goma ta kai wa jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi ko makarantar EMIG ta Yamai, ta ce a buɗe su a faɗa mata wane ƙarfe ne ya fara ci, kuma wane samfuri ne bai kamata a sake saro shi ba. Haka masu albasa, su gayyaci ɗalibai su auna zafi da iskar da ke cikin rudu tun daga girbi har faɗuwar damina, su biya musu kuɗin mota da abinci.