Lasifika Da Yawa a Kan Amfilifaya Ɗaya

Kuskure ne babba a ɗauka cewa amfilifaya, wato na'urar da ke ƙarfafa sauti, za ta jure duk lasifikar da aka jona mata. Kowace lasifika tana da turjiya ga lantarki, wadda ake aunawa da om, kuma idan aka murɗe wayoyin guda biyu masu om 8 a mafita ɗaya, turjiyar takan sauko zuwa 4, uku kuwa ƙasa da 3, sai na'urar ta riƙa zuƙar wuta fiye da ƙima, murfinta ya ɗau zafi, ta kashe kanta ko ta ƙone. Wajibi ne a duba lambar om da ke bayanta, a sayi akwatin rarraba sauti mai daidaita turjiya, ko da ƙarar za ta ɗan ragu.