Sudan: Yadda yaƙi ya dagula lissafin allurar insulin

Idan suga ya hau a jinin majinyaci, akan ƙara masa insulin gwargwadon abin da na'urar awo ta nuna. Sai dai lissafin ba ya tafiya daidai idan maganin ya lalace.

Insulin na buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8 wurin ajiya, amma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya katse lantarki a garuruwa da dama.

Wanda zafi ya raunana ba ya sauke suga sosai, sai majinyaci ya riƙa ƙara adadi. Ranar da ya samu lafiyayye kuwa, adadin nan na iya kayar da sugansa har ya suma.

Don haka agajin magani bai cika ba sai da firij da kayan awo.