Kyautar mai bashi: wata takarda daga Manchesta da filin da ke bayan gari

Bayan damina da ta wuce, ƙanwata da ke aure a Manchesta ta kira ni ta WhatsApp, muryarta a dagule. "Yaya, don Allah ka yi wa Baba magana. Ya ce an ci mutuncinsa, ya fasa." Baban da take nufi surukinta ne, Bakatsine da ya daɗe a Ingila yana da kantin kayan abinci. Ni aka nema saboda a gidanmu duk takardar da ta gagara malamin makaranta ake tura wa, ko da wane harshe aka rubuta ta. Ingilishina kuwa na aji ne, sai da na kwana biyu da ƙamus kafin na gane inda maganar ta dosa.

Ita da mijinta sun samu gida na fam 200,000. A can yawanci ba kuɗi hannu ake sayen gida ba. Banki ke biyan mafi yawa, mai saye ya kawo kafin alƙalami, galibi kashi 5 ko 10 cikin ɗari ko fiye, sauran ya riƙa biya wata-wata har shekara 25 ko 30. Na san wasu za su tsaya a kan batun kuɗin ruwa. Magana ce mai zaman kanta, amma bankunan Musulunci da ke can su ma suna neman kafin alƙalami, don haka abin da zan faɗa ya shafe su. Tsohon ya ce shi zai ba da fam 20,000 ɗin, wajen miliyan 15 ke nan na sefa, kyauta ga ɗansa.

Sai lauyan da ke haɗa takardun cinikin ya aiko da buƙatunsa. Tsohon ya sa hannu a wasiƙa cewa kuɗin kyauta ne, ba rance ba, kuma ba shi da haƙƙin komai a gidan. Ya nuna takardun bankinsa, a ga inda kuɗin suka fito. A duba sunansa a rajistar waɗanda kotu ta tabbatar sun karye. Sannan a sayi wata inshora, irin abin da muke biya wa mota, amma ita wannan domin karayar arzikin mai kyautar aka yi ta. A nan tsohon ya hau sama. Mutum ya yi shekaru yana tarawa don ɗansa, a ce sai an yi tanadin ranar da zai tsiyace?

Tushen maganar wata doka ce ta 1986 kan karayar arziki a Ingila da Wales. Sashe na 339 ya ce idan mutum ya ba da kyauta, ko ya sayar da abu a ƙasa da darajarsa sosai, daga baya aka tabbatar ya karye, wakilin masu binsa bashi yana iya zuwa kotu ya nemi a warware kyautar. Ana waiwayawa baya har shekara 5. In cikin shekara 2 na ƙarshe aka yi kyautar, ba a ma tambayar ko yana da hali a lokacin. In tsakanin shekara 2 da 5 ne, sai an nuna bashi ya riga ya fi ƙarfinsa ranar da ya bayar, ko kuma kyautar ce ta jefa shi ciki. Amma idan ɗan uwa ne aka bai wa, doka tana ɗauka cewa haka ɗin ne, sai wanda ya karɓa ya kawo hujjar akasi. Akwai kuma sashe na 423, na wanda ya ba da dukiya da niyyar ɓoye wa masu binsa, kuma shi bai tsaya a shekara 5 ba. Tunda kuɗin kyautar sun shiga cikin gidan, banki yana tsoron wata rana hukuncin kotu ya taɓa jinginarsa. Shi ya sa wasu bankunan ke neman inshorar, wasu kuma ba su damu ba idan kuɗi ne tsaba aka bayar. An fi matsa mata idan uba ya sayar wa ɗa gida a farashin ragi. Sau ɗaya ake biyanta.

Da na fahimci haka sai na ga ba zan iya goyon bayan tsohon ba, duk da ina jin nauyinsa. Abin da dokar ta ce ba baƙo ba ne a gare mu. Duk wanda ya zauna a zauren karatu ya san a mazhabar Malikiyya wanda bashi ya kewaye dukiyarsa ba shi da ikon yin kyauta yadda ya ga dama, masu binsa suna iya hana shi. Yana nan a babin karayar arziki na Muhtasar. Ko a rabon gado bashi ake fara cirewa kafin wasiyya, kafin magada. A dokar kasuwanci ta OHADA da Nijar ke bi, idan ɗan kasuwa ya kasa biyan basukansa kotu tana iya mayar da ranar gazawar baya har wata 18, kuma kyautar da ya yi a wannan tsakanin ba ta hana masu binsa haƙƙinsu. Wato abin da Turawan suka ƙara kawai shi ne sun sa wa tsoron farashi.

Duk da haka ba na yabon inshorar nan. Da na karanta sharuɗɗanta na ga galibi banki take karewa. Mai saye ne ke biya, amma in abu ya lalace, asarar banki ake cikewa, shi kuwa ɗan da aka yi wa kyauta yana iya samun kansa gaban kotu ana neman ya mayar da kuɗin da ya daɗe da zama bulo da rufi. Kuma ana sayar da ita ne bisa sharaɗin ba a san mai kyautar da rikicin bashi ba. Ke nan in uba ya ɓoye, takardar ba za ta ceci ɗansa ba. Na gaya wa ƙanwata kada ta ɗauka sun sayi kwanciyar hankali.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wasiƙar farko, wadda ake cewa kyauta ce ba rance ba. Mu nan wa ke rubuta wannan? Uba ya ce wa ɗa, "Ga wannan ka fara gini," kowa ya yi shiru, don tambaya rashin kunya ce. Uban a ransa yana lissafin ɗaki ɗaya nasa ne idan tsufa ya zo. Ɗan yana ganin kyauta ce. Sauran ƴaƴan suna ganin an ci gado tun mai shi yana da rai. Ranar da mutuwa ta zo, ko kasuwa ta juya, sai ka ga mai shagon siminti da ɗan adashe da wani aminin marigayi duk sun iso ƙofar gida, kowa da lissafinsa, gidan kuwa an ce na yaro ne. Na halarci irin wannan zama sau biyu a unguwarmu, kuma a duka biyun zumuncin bai koma yadda yake ba. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma mun mayar da karin maganar hujjar kada a tambaya.

Mu malamai mun fi kowa shiga wannan rami. Albashinmu ta banki yake biyowa, bankin kuma ya san haka, shi ya sa rance ba ya mana wuya. Mutum ya ci bashin shekara huɗu ko biyar, ya sayi fili, ya sa sunan ɗa ko mata, a ce Malam ya yi ƙoƙari. Ban ce laifi ba ne. Amma in bayan na bankin akwai na mai hatsi da na abokin aiki da ba a rubuta ko'ina ba, to da dukiyar wa aka yi kyautar? A makarantar horar da malamai muna koya wa ɗalibai yadda za su tsara darasi da cike rajistar aji, ba mu taɓa zaunar da su mun nuna musu yadda ake karanta takardar rance ba, alhali yawancinsu za su sa hannu a kan irinta da zarar albashi ya fara sauka.

Da na kira tsohon ban yi masa zancen sashe kaza ba. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ba kai ake tuhuma ba. Ko wane ne ya ba da kuɗin haka za su yi masa." Ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya ce akwai wani dillalin kaya da ke binsa kuɗin da ya so ya jinkirta zuwa bayan salla, kuma yaran ba su sani ba. Bai kai a ce ya karye ba, amma shi da kansa ya ce gara ya sauke wannan tukuna. Ya biya, ya rage kyautar zuwa fam 14,000, gidan farko ya kuɓuce musu, suka koma neman ƙarami a wata unguwa. Ƙanwata ta yi mako biyu ba ta kira ni ba.

Ni ma ina da fili a bayan gari da na saya da rancen albashi, na daɗe ina cewa na babbar ƴata ne, har ita ma ta fara faɗa wa ƙawayenta. Na ɗauko takardar bankin na duba: saura wata 19. Akwai kuma jikka 180 na wani abokin aikina da ya ranta mini lokacin rashin lafiyar mahaifiyarmu, bai taɓa tuna mini ba. Jiya da dare na kira yarinyar na gaya mata duka biyun, na ce sunan da ke kan takardar filin zai zauna nawa har sai na gama. Ta ce, "To, Baba," ta tashi ta shiga ɗaki.