A Daina Rera Mana BODMAS Kamar Waƙa

Ina so in yi magana a kan wani abu da ke kayar da yawancinmu a jarrabawar lissafi, wato tsarin da ake bi wajen warware lissafin da ya haɗa tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa a layi guda. Tun muna aji ɗaya ake koya mana kalmar BODMAS, mu yi ta rera ta da ƙarfi har mai wucewa a hanya ya ji mu. A ganina wannan rerawa tana cutar da mu fiye da yadda take taimakonmu.

Ga dalilina. Kalmar haruffan farko ne na wasu kalmomin Turanci, kuma yaro yakan ɗauka cewa yadda haruffan suka jeru haka doka take. Tun da harafin tarawa ya riga na ɗebewa, in aka ba shi 10 − 3 + 2, sai ya fara haɗa 3 da 2 ya sami 5, ya ɗebe daga 10, ya ce amsa 5 ce. Alhali kuwa amsar 9 ce. Tarawa da ɗebewa matsayinsu ɗaya ne, daga hagu ake bin su zuwa dama, haka ma ninkawa da rabawa. Waƙar ba ta gaya mana wannan ba. Na san wasu malamai za su ce ai tana taimaka wa yaro ya tuna, kuma suna da gaskiyarsu. Amma ina amfanin tuna abin da ba ka gane ba?

Abin mamaki shi ne, iyayenmu da ba su taɓa jin wannan kalma ba suna bin tsarin daidai. Je kasuwar Talata Mafara ka tsaya kusa da mai awo. An sayi mudu uku na shinkafa da mudu biyu na gero, zai fara ninka kuɗin kowane mudu da yawansa, sa'an nan ya haɗa. Ba wanda ya koya masa cewa ninkawa tana gaba da tarawa. Hankali ne ya nuna masa, domin in ya yi akasin haka jarinsa ne zai karye.

Bari in kawo misalin da ya fi kusa da mu nan Kaya. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, manoman wannan yanki da yawa suna noma damina da rani. Malamanmu sun karantar da mu cewa amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar masa da zakkar kashi ɗaya cikin goma, wanda kuwa aka shayar da wahala, kamar da injin ban-ruwa, kashi ɗaya cikin ashirin. To, mu sa harafin d a matsayin buhunan damina, r kuma na rani. Zakkar ita ce d ÷ 10 + r ÷ 20. Wannan fa aljabara ce tsantsa, irin wadda muke gudu a aji. Mu ce manomi ya sami buhu 40 da damina, 60 da rani. In an fara da rabawa, za a sami 4 da 3, zakka buhu 7 ke nan. Amma ɗalibin da ya bi lambobin kai tsaye daga hagu zai raba 40 da 10 ya sami 4, ya ƙara 60 ya zama 64, ya raba da 20, ya ce buhu 3 da ɗan ɗoriya. Kun ga kusan buhu huɗu na hakkin talakawa ya salwanta ta hannun ɗan makaranta, mahaifinsa kuwa ya amince da shi don ya gan shi da biro da takarda!

Ƙaramin kalkuleta irin na 'yan tireda ma haka yake yi, duk abin da ka danna sai ya bi shi yadda ya zo. Danna masa 2 + 3 × 4, zai ba ka 20, alhali na kimiyya zai ba ka 14. Kada wani ya ce na'ura ta ɗauke masa wahalar tunani.

Batun baka biyu kuwa, rabon gado ya ishe mu darasi. Bayan an yi wa mamaci sutura, ana fara biyan bashin da ake binsa, sa'an nan a fitar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusin abin da ya rage ba. In mutum ya bar naira 900,000, ana binsa 300,000, iyakar wasiyyar ita ce (900,000 − 300,000) ÷ 3, wato 200,000. Wanda ya fitar da sulusi kafin ya biya bashi ya tauye magada naira 100,000. Aikin bakan nan shi ne ya ce maka ka gama da bashi tukuna.

Kada kuma mu ɗauka wannan ilmi baƙo ne a gare mu. Kalmar aljabara daga littafin Alkhawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma babban sashe na littafin a kan lissafin gado da wasiyya yake.

Saboda haka ina roƙon malamanmu na lissafi, kafin a rubuta mana x da y a allo, a fara kawo mana mudu da buhu da bashi, mu ga dalilin da ya sa wani aiki yake gaba da wani. Ku kuma iyayenmu, in kaka ta yi an kai amfani gida, ku kira ɗanku ko 'yarku da ke sakandare ku ce ya lissafa muku zakkar bana a rubuce, ku gwada amsarsa da ta liman.